Rubutun Nasara a Cikin Ƙwarya

Ko zan manta da sunana, ba zan manta da ranar da ɗiyata ta sha rubutun Nasara ba.

Ni masassaƙi ne a Filinge, turmi da allon karatu su ne aikina. Da Nasara suka zauna a ƙasarmu ta Kurfai, shugabansu kumandan ya sa aka kamo ni in sassaƙa allunan da za a kafa a bakin hanya. Tafintansa ya ba ni falle-fallen gwangwani da aka huda da siffar baƙaƙensu. Sai in ɗora a kan allo, in dangwala tsumma a jan fenti, in ɗaga, rubutu ya fito ras! Fentin nan gari ne, da ruwan ƙaro nake kwaɓa shi. Tafinta ya ja mini kunne: "Kar ka kai shi baki, ko ɓera ya lasa ya mutu."

A lokacin zazzaɓi ya kwantar da ɗiyata, ƴar da ba ta daɗe da yaye ba. Da hantsi na shanya allon hanyar garin Damana a tsakar gida, na fita neman itace. Ina dawowa na tarar da allon fes, an wanke shi, Inna mahaifiyata kuwa tana riƙe da ƙwarya, bakin yarinya ja wur.

"Inna, mi kika ba ta?"

"Rubutu mana," in ji ta. "Na malam ta sha, bai yi ba. Waɗanda suka ci mahayanmu da yaƙi, rubutunsu zai kasa zazzaɓi?"

Wayyo Allah! Ni da ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar na fizge ƙwarya daga hannunta na yi jifa da ita. Na ruga gidan maƙwabciyarmu mai shanu, na karɓo madara, muka yi ta ɗura wa yarinyar. Can ta fara amai, ja kamar jini. Matata ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Ni dai na riƙe ɗiyata, ina jin jikinta na saki, ban san ko fenti take fitarwa ko ranta ba. Inna ta zauna a ƙasa tana cewa, "Na kashe jikata da hannuna."

Sai wajen la'asar aman ya koma fari. Yarinya ta buɗe ido, ta ce tana son fura.

Yau ita ma tana da jikoki. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake bin hanyar Damana ba, don kar ta ga allon da na sake bugawa. Ranar na gane ba kowane rubutu ne magani ba, kuma abin da ka san yana kisa, ka fara faɗa wa mai ƙaunarka, don ita ce za ta ɗauka ta ba ɗanka.