Kujerar da Mai Zarto Ya Gyara Sau Biyu

Shekara talatin da 'yan kai shagona na ɗinki yana jikin shagon Mai Zarto. Kafinta ne, amma bai cika ƙera sabo ba, gyara ne aikinsa. Kujera mai ɗingishi, tebur mai rawa, ƙofar da ta ƙi rufuwa, duk wurinsa ake kai su. Ko gaisuwa ya je gidanka, sai ya girgiza kujera kafin ya zauna.

'Yarsa ɗaya ce, wadda yake kira Uwata, tana aure a wata ƙasa mai nisa. Da cikinta ya tsufa ta aiko masa da tikiti. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, abu ɗaya ta roƙa: ya zauna har ta sauka, a ce dai akwai nata a kusa. Wata biyu ke nan. Ya ce to. Na gan shi yana cusa ƙaramar guduma da ƙullin ƙusoshi a tsakanin riguna.

Kwanakin farko birnin ya tafi da hankalinsa. Ya kira ni a waya ya ce akwai ƙofar wani babban kanti da ke buɗe kanta in ta ga mutum. Ya shiga ya fita sau huɗu yana leƙen yadda aka haɗa ta, har mai gadi ya matso yana murmushi. Bas kuwa, in an ce ƙarfe takwas, takwas ɗin ce. Ya ga kare sanye da riga, ya ce ɗinkin bai kai nawa ba. Gidan Uwata yana hawa na shida, daga taga yana kallon jirgin ƙasa yana ratsa gada ba hayaƙi.

A kwana na goma muryarsa ta sauya. Ya bi gidan kaf, ba abin da ke rawa. Surukinsa direban bas ne, yini yake a waje, Uwata kuma ba ta barinsa ya ɗauke ko kofi.

"Gari ne mai kyau," ya ce min, "sai dai ba abin da ya lalace a cikinsa."

Washegari ya ce wa surukin a duba masa ranar komawa. Uwata ba ta yi gardama ba. Ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke faranti ɗaya.

Da safe ya sauko shan iska, sai ga kujerar katako a bakin ƙofar ginin, ƙafarta ɗaya a yashe kusa da ita. A shagonsa haka ake yi: in an zo ba ya nan, a ajiye a tafi. Ya ma san kujerar, ya taɓa hango ta a ɗakin wata tsohuwa mai farin gashi a hawa na biyu, wadda takan ɗaga masa hannu. Ya ce a ransa, ashe labari ya bazu. Ya kai ta baranda, ya samo gam a durowar surukinsa, kafin azahar ta tsaya da ƙafafunta. Ya ajiye ta a ƙofar tsohuwar bai ƙwanƙwasa ba, tunda ba su da yare ɗaya.

Gari ya waye, sai ga kujerar a ƙasa inda ya fara tsintar ta.

Ranar ko abincin kirki bai ci ba. Shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki ba, sai a ƙasar mutane. Ya warware ta gaba ɗaya, ya goge kowace mahaɗa, ya sake ɗaurewa, ya shafe ta da mai. Wannan karon, washegari da safe, yana ajiyewa tsohuwar ta buɗe ƙofa. Tana faɗa da nata yaren, yana ba da haƙuri da nasa, har surukin ya sauko zai tafi aiki ya tarar da su. Ya saurari tsohuwar, ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Baba, ai zubar da ita ta yi. Nan in abu ya karye waje ake fitarwa, motar shara ta kwashe. Ta ɗauka mai kula da gini ne yake maƙala ƙafar yana dawo mata da ita don neman magana."

"Wannan katakon ne shara? Tambaye ta, lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Haba Baba, ni ba zan tambaye ta haka ba."

"To ce mata ta zauna."

Ta zauna a ɗarare kamar mai hawa jaki karon farko. Ta jingina, ta murguɗa, kujera ko motsi. Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce ta mijinta ce, a kanta yake karanta jarida, kuma tun da ta fitar da ita ba ta ji daɗin ranta ba. Ta kama hannun rigar Mai Zarto ta ja shi ciki. Akwai 'yan'uwan kujerar guda uku, duk suna ɗingishi, ga kabad da murfinsa ke rataye.

Kafin mako ya zagayo, mai hawa na huɗu ya kawo tebur, wata ta kawo keken ɗanta, Mai Zarto ya ce wannan ba fanninsa ba ne amma a ajiye.

"Baba, hutu na kawo ka, ka buɗe min shago a baranda," in ji Uwata. "Ina zan shanya kaya?"

"Ki shanya a kan mijinki, ai dogo ne."

Surukin ya yi gyaran murya ya ce, maganar komawa, akwai jirgi ranar Asabar. Mai Zarto bai ɗago daga kan teburin da yake gogewa ba.

"Wace Asabar? Ka taɓa jin an bar wa mutane aiki a rabi?"

Bayan mako biyar Uwata ta sauka lafiya, mace. Shi aka fara miƙa wa, amma sai da nas ta mai da shi famfo sau uku, don gam ya ƙi barin yatsunsa.