Ilu Bai Ɗauki Kwando Ba

Ranar Talata ce, an gama yankan gero. Da sassafe na dama wa ƙanena Ilu kunu, na goya shi zuwa makarantar Malam Ɗanjuma kamar kullum. Shekararsa bakwai, ni na ba shi huɗu. Tun yana jinjiri zazzaɓi ya shanye masa ƙafafu. Malam ya sa an yi masa ɗan dakali a gindin gawo, inda yake jingina ya yi karatu. Yaron da ya zo da tari ko ciwon ido, matar Malam, Inna Gaje, ke jiƙa masa magani.

Da hantsi muka ji ganga daga kudu. Ba ta biki ba ce. Sai ƙarar bindiga, sai ihun mata a bakin rijiya. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbuna.

Malam ya daka tsawa: "Ku yi arewa! Kada wanda ya koma gida!"

Na ɗaure Ilu a bayana, na kutsa cikin karan gero. Mahaya suka tare yaran da suka riga mu, suka zura musu igiya a wuya. Na kwanta cikin sabara, na toshe bakin Ilu. Ina jin Inna Gaje tana kiran sunayenmu, har muryarta ta yanke.

Da la'asar muka iske Malam da ragowar yara a bakin wani tafki. An sare shi a kafaɗa. Iyayenmu kuwa ba wanda ya gan su.

Washegari da azahar muka isa wani gari kusa da Waca. Mazansa sun tafi yaƙi, ganuwarsa ta zube ta yamma. Wani dogari ya tarye mu da bulala.

"Kowa ya ɗau kwando! Wanda bai kai ƙasa ba, ba shi da tsaba!"

Malam ya nuna Ilu, ya ce yaron ya iya tufka igiya. Dogarin ko waiwaye bai yi ba.

Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta muke jidar ƙasa don gyaran ganuwar. Tsabata muke rabawa ni da Ilu. Ruwan ramin da muke haƙa muke sha. Atuni, gudawar jini, ya shiga cikinmu, ba mai jiƙa magani. Raunin Malam ya ruɓe, ya cika ranar wata Juma'a.

Ilu ya fara ture ƙwarya. "Yaya, ki ci. Ke ce mai ɗauka."

Wata rana da azahar wata tsohuwa ta zo bakin rami ta gaya mini Ilu ya rasu. Ba a bar ni na ajiye kwando ba sai magariba. Kafin nan an rufe shi.

Mu goma sha tara ne a makarantar Malam. Da aka gama ganuwar, mu huɗu muka rage. Mahayan ba su taɓa zuwa garin ba.