Mai Layi da Rariyata

Shekara talatin da huɗu ƙanena yana ja wa filin ƙwallon unguwarmu layi. Sunansa ma ya ɓace, kowa Mai Layi yake ce masa, har matarsa. Kayan aikinsa igiya, turaku huɗu, da gwangwanin da ya huhhuda da ƙusa yana zazzaga farar ƙasa. A sunkuye yake yi, shi ya sa bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Doka ɗaya gare shi: kafin alƙali ya busa usur, ko akuya ba ta taka masa layi.

Ni ban san ƙwallo ba, amma gasar kofi ya cika mini kunne da ita. Wanda aka ci ya tattara ya tafi gida, kuma ƙuri'a ake yi, sai ta haɗa babba da ƙarami.

"Yaya, wata rana manyan nan na talabijin za su buga a kan layina."

"Sai dai su zo kallon ƙusumbinka," nake ce masa.

To bana ƙuri'a ta jefo su filinmu. Kwana tara bawan Allah yana tsince duwatsu da hannu. Rariyata ta tankaɗe ya ɗauke, wai farar ƙasar da manya za su gani ba ta son tsakuwa. Na zage shi tas, na kuma bar masa.

Ranar wasa na je da kujerata. Fili ya cika, layi fari fes, alƙali sai duba agogo yake. Can sai ga mota ɗaya tal. Wani mai tabarau ya fito, wai sakataren kulob ɗin manyan ne. Ya ce 'yan wasansu suna hutawa, akwai wasan lig jibi, sun bar mana.

Na tare shi. "Kai ɗan nan, guragu ne ko masu jego?"

Ya yi dariya. "Haba Mama, wa ya damu da kofin nan yanzu?"

"Ga shi can a sunkuye, marar kunya! Ubanka ne ya tsince duwatsun?"

Bai ko waiwaya ba. Ya nufi alƙali da takardarsa, ya ɗora ƙafa a kan layin, takalmi na sheƙi, ba a busa usur ba. Na jira ƙanena ya yi tsawar da ya saba. Shiru. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Alƙali ya ba 'yan wasan unguwarmu nasara. Samari suka dinga ihu, sakarkaru, an raina su suna rawa.

Washegari da hantsi Mai Layi ya shigo gidana. Ya ajiye rariyata a wanke, gwangwanin a cikinta.

"Zagaye na gaba fa?" na ce. "Wa zai ja musu?"

"Ki shuka barkono a ciki, Yaya. Yana da huji."

Ban shuka komai ba. Yana nan rataye a bakin ƙofa, inda dole ya gan shi duk ranar da ya zo gaishe ni.