Labulen da na ɗinka da yadin Kaka

Salamu alaikum mutanena. Wallahi ku zauna ku ji abin da na aikata.

Ɗakina na so in gyara ba tare da kashe kuɗi ba. Kaka ta ce in buɗe adakarta in ɗebi tsofaffin zannuwa in yi rigunan filo. Can ƙasa sai na ga farin yadi sabo dal, yana ƙamshin turare. Na ce kai, labule ya samu! Na yanka shi biyu, na hau keken ɗinki, har leshin da na sawo a kasuwar Lolo na sa mai a baki, na rataya a taga.

Na jawo Kaka ta ga kwalliya. Ta shafa labulen, ta sansana.

"Ke ja'ira, ina kika samo wanga?"

"Adakarki mana, tsohuwa."

"Likkafanina ne. Da Zamzam na wanke shi a Makka."

Innalillahi! Na fashe da kuka ina cewa yanzu zan sauke.

Ta ce, "Bar shi nan. Ya gaji da jirana cikin duhu, gara ya sha iska. Amma ki sawo mini wani kafin Juma'a, ban san ranar tafiya ba."

Jama'a, ni ko kallon tagar na kasa yi. In ku ne, za ku iya barci a ɗakin nan?