Gashin Kaza Mai Galura

A daminar da Baba ya kwanta ciwo, sai da ya kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Likita a Funtua ya ce magani ba zai yi masa aiki ba muddin cikinsa babu abinci. Muka kai kunu, muka kai fura, ya kau da kai. Rana ta biyar ya ce romon karfasa yake marmari, amma ta dam, ba ta ƙanƙara ba.

Ni malamin firamare ne, fatsa kuwa sha'awa ce ta ranar Asabar. Ga shi ruwan sama ya dama dam ɗin ya koma kamar kunun kanwa, masunta duk sun ja kwale-kwalensu tudu. Na yini ina jefa tana, ko taɓawa babu. Na dawo gida jiki a sanyaye, tsoro ya kama ni sosai.

Da safe ina alwala sai idona ya kai kan kajin matata. Ta saba shafa wa 'yan tsaki jar galura don shirwa ta rasa gane su, launin kuwa daga ƙofar gida kana hango shi. Na ce a raina, wataƙila kifin nan tanar ce ba ya gani. Na cafko wani ɗan zakara na tsige masa gashi uku.

"Malam, lafiya kake fige mini kaza da ranta?" in ji matata.

Ban tsaya bayani ba. Na ɗaure gashin a ƙugiya da zaren ɗinkinta, na hau babur.

Wani tsohon masunci da ke gyaran raga a bakin dam ya dubi ƙugiyar, ya kwashe da dariya. "Malam, biki za ka gayyaci kifin?" Duk da haka ya nuna mini gefen ciyawa inda ruwa ya fara kwantawa. Na jefa, ina ja a hankali ina ɗan fizgawa. Kafin azahar karfasa biyu na cikin bokiti. Ko launin ne ko sa'a, har yau ban sani ba.

Matata ta dafa, na tallafo Baba na zaunar da shi. Ya kurɓi cokali ɗaya, ya kurɓi na biyu, muna tsaye ba mai motsi. Sai ya yamutsa fuska.

"Wa ya dafa wannan? Ba gishiri a gidan nan ne?"

Matata ta ruga kawo gishiri tana dariya tana share hawaye. Ni dai na zauna a ƙasa ina ta hamdala, Baba na faɗa yana ci.