Shirin da Baffa ya ƙi fassara mana

Wani kiɗa na ji daga ɗakin 'yata, ranar Juma'a bayan la'asar, a gidanmu na Jaradiya a nan Riyad. Na ajiye carbi. Rabona da kiɗan nan tun kafin a yi mini aure, amma nan take na ji ƙamshin gyaɗar da ake soyawa a tsakar gidanmu.

Gidanmu kaɗai ke da talabijin a layinmu na Kaduna. Bayan magariba akan ɗora ta a kan turmi, mu zauna a tabarma muna kallon waɗansu Turawa da ke yawo tsakanin taurari cikin jirgi. Da kiɗan nan shirin ke farawa. Baffa, yayan mahaifina, shi ke jin Turanci, shi ke fassara mana har da kwaikwayon muryar dodanni. Kaka takan zauna can baya, ta ce ita ba kallo take yi ba, iska take sha.

Damanar da Kaka ta fita takaba aka nuna wani kashi da kowa ya raina. Babu dodo, babu harbi. Wata tsohuwa ce ita kaɗai a wata duniya, tana magana da akwatin ƙarfe. Baffa ya fara fassara, sai ya yi shiru.

"Yau babu labari," ya ce. "Surutu ne kawai."

Muka yi ta ihu. Na tashi ina kwaikwayon tsohuwar, ina yi wa tukunya magana, kowa na dariya. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta matso gaba, ta kalla har ƙarshe.

Maigidana ya rasu bara, wata biyu da zuwanmu wajen 'yarmu mai aikin jinya. Nan aka binne shi. Mata ba sa shiga maƙabarta a nan, kaburburan kuma babu suna. Ban san inda yake kwance ba. Kowace safiya nakan gaya wa kujerarsa abin da ake ciki: zafin gari, ciwon gwiwata, wanda ya haihu a gida. 'Yata ta ji ni, ta tsorata, har ta karɓo mini ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Ranar Juma'ar nan da na shiga ɗakinta, tsohuwar nan ta shirin ce a kwamfutarta.

"Bari in wuce wannan, Inna," ta ce. "Kowa ya ce shi ne mafi muni."

"Kada ki wuce. Faɗa mini abin da take cewa."

Ta fara. Ashe jirgin mijin matar ne ya ɓace tun da daɗewa. Ta san ya mutu, ba ta ruɗe ba. Tana dai ba shi labarin kowace rana ne: shukarta ta yi tsiro, rufi ya fara yoyo. Muryar 'yata ta tsaya daidai inda ta Baffa ta tsaya.

Sai a lokacin na gane Kaka ce Baffa ya tausaya wa, ita kuma ba ta buƙaci tafinta ba. Na yi kuka sosai, don babu sauran wanda zan roƙa gafarar wasan tukunyar nan.

Ba mu je wajen likita ba. Washegari, kafin ta tafi aiki, 'yata ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da abayarta.

"Inna, ki gaya wa Baba na tafi."