Kason Ɗan Jimma

Ina tsaye da ƙwaryar hatsi a kasuwar Dakoro, zamanin Faransa, mai gurmi yana wasan tallafa wa tsofaffin soja. Yakan kira sunan soja, sojan ya amsa "Firzan!", wato "Ga ni!" irin na bariki, mu masoya waƙarsa mu zuba masa hatsi.

Ran nan daɗin waƙa ya kwashe shi, ya kira Ɗan Jimma, wanda ya mutu wajen yaƙi.

Aka amsa "Firzan!" daga bayana. Na waiga, ba kowa sai bango.

Mai gurmi ya ce, "Subhanallahi, wa ya amsa?"

Uwar mamacin, da ke cikin taron, ta shimfiɗa zane ta ce, "Ku zuba masa. Da yunwa aka tafi da shi yaƙi."

Na zuba hatsina a zanen.

Ku fa, da kun zuba ko da kun gudu?